Ranar da Kaya Suka Riga Mota Tashi

Ban yi makarantar boko ba. Lissafin da na iya a rumfar goro na koye shi, a unguwar Alabar ta Kumasi, hannun mutumin da duk muke kira Baba. Asalin iyayensa Kano, amma shi yana goye aka zo da shi Kumasi, kuma gidansa ne masaukin fataken goro. Ubana ya rasu ina ƙarami, Baba ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Shi ya koya mini in sa hannu cikin huhu in gane goron da zai kai Arewa lafiya da wanda zai ruɓe a hanya. Da na kawo ƙarfi bai danne ni ba, ya ce in je in buɗe tawa rumfar. A shekarar 1969 ina da rumfa, ina da mata da 'ya'ya biyu, ina kuma da tsohuwar motar kaya da na saya hannun wani Batone, ɗan ƙasar Asante, da ya gaji da ita.

Injin motar lafiya lau. Aibinta ɗaya, sitatarta ta mutu, ba ta tashi da makulli. Na san haka na saya, don shi ya sa ta yi araha. Direbana ya saba da halinta. Kullum a kan gangara yake ajiye ta, da safe ya saki birki ta gangaro, ya sa giya ta biyu, ya ɗaga ƙafa daga kuloci, sai ta yi tari ta kama. Wata bakwai ina cewa gobe zan sa a gyara.

A gidan da nake haya a Zango, a ɗakin da ke kusa da rijiya, akwai wani malamin kimiyya da ke koyarwa a sakandare. Mutumin can arewacin Gana ne, siriri, mai rigar guga da keke. Kowa Tica yake ce masa. A Zango ya koyi Hausa, saboda haka a bakinsa mota namiji ce, tukunya ma namiji ce. Ni kuma Masa yake ce mini, wato maigida a Turancin garin. Muna gaisawa, amma ban ɗauke shi mutumin da zan ƙaru da shi ba. A ganina lokacin, wanda ya san abu da gaske ba zai shekara goma a kan keke ɗaya ba.

Wata Lahadi da la'asar ya zo ya ari sikelina mai ƙugiya, irin wanda ake ratayawa a auna buhu. Ya kuma ari amalanken mai gidan. Ya ce darasi zai gwada kafin ya kai wa ɗalibai, yana neman mai ja. Ina zaune ba aikin fari, na ce to.

Ya maƙala ƙugiyar a gaban amalanken, ya ba ni zoben sikelin.

"Masa, ka ja. Amma ka sa ido kan allura. Nan zai tsaya, kada ya hau, kada ya sauka."

Na ja. Amalanken ba kaya, nan take ya biyo ni, allurar ta fara sauka. Don in riƙe ta inda ya ce, dole na ƙara sauri. Ta sake sauka, na sake ƙarawa. Kafin in kai tsakiyar gidan gudu nake yi da baya, har na bangaji durom ɗin ruwa. Matan gidan suka bar tuƙin tuwo suna dariya.

Ya sa aka ɗora buhun masara uku, ya ce in sake, allura a wuri ɗaya. Wannan karon sai da na ƙirga kusan goma kafin amalanken ya kai saurin tafiyar tsohuwa.

"Ka gani?" in ji shi. "Ƙarfinka ɗaya ne duka biyun, sikeli ya shaida. Ƙarfi ba gudu yake saye ba. Ƙarin gudu yake saye, kowane daƙiƙa. In nauyi ya yi yawa, ƙarin ya zama kaɗan."

Na ce, "Tica, kowane ɗan dako a kasuwa ya san kaya mai nauyi ya fi wuyar turi. A kan wannan ake ba ka albashi?"

Bai ji haushi ba. "Ɗan dako ya san ya fi wuya. Bai san sau nawa ba."

Ya ɗauki gawayi ya ja layi a jikin bango. Ya rubuta ƙarfi a sama, nauyi a ƙasa. Ya ce in an raba na sama da na ƙasa, abin da ya fito shi ne gudun da ke ƙaruwa a kowace daƙiƙa. Amma kafin a raba, sai an cire abin da ƙasa ke ci, don taya ba ta birgima kyauta.

"Ashe ƙasa ma dillaliya ce," na ce, "sai ta cire la'adarta."

Ya yi dariya ya ce haka zai faɗa wa ɗalibansa. Na karɓi sikelina na mance da zancen. Rubutun ya zauna a bangon har ruwan sama ya wanke shi.

Wajen ƙarshen shekarar gwamnati ta sa doka, duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Ni abin bai taɓa ni ba, don uwata da ubana mutanen Gonja ne, 'yan ƙasar Gana. Baba kuwa, da ya shekara sittin da ɗoriya a Kumasi, ba shi da ko ƙyallen takarda. Bai taɓa tunanin mutum na bukatar takarda a garin da ya binne iyayensa ba. Ya yi ta jira ko za a sassauta, har ya rage kwana uku wa'adin ya cika. Ana ta faɗin cewa duk wanda aka samu bayan nan kama shi za a yi. A kwanakin nan duk abin da ke da taya huɗu a garin an riga an yi hayarsa.

Na je na durƙusa gabansa na ce, "Baba, motata taka ce. Ni zan kai ku iyaka da kaina." Ya dube ni ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Tunda nake da shi ban taɓa yi masa wani abu da ya kai wannan ba, kuma na san ba zan ƙara samun dama ba.

Gidan Baba yana cikin wani lungu shimfiɗaɗɗe, bango hagu, kwata dama. Daga ƙofarsa zuwa inda lungun ke hawa tudu ya haɗu da babban titi, taku arba'in ne. Washegari bayan sallar asuba direba ya shigo da motar da baya har ƙofar gida. Hayaƙinta ya cika zaure, mata suna tari, aka ce ya kashe. Ya leƙo ta taga ya dube ni. Ni na ɗaga masa hannu na ce ya kashe. Na san halin motata sarai, amma na ji kunyar in faɗa a gaban Baba cewa motar da na kawo masa ba ta tashi da makulli. Na ce a raina, ga maza cike da unguwa, turi kaɗan ne.

Masu ɗaurin goro na rumfar Baba su suka yi lodi. Shugabansu wani dattijo ne mai faɗin kafaɗa, wanda ake cewa in ya ɗaure huhu ko jirgin ƙasa ya faɗi ba zai kwance ba. Suka jera akwatunan ƙarfe, gadaje, keken ɗinki biyu, tukwanen ƙarfe na girkin baƙi, turame, dutsen niƙa, buhunan hatsi, har da ƙyauren ɗakin Baba na katako, don ya ce ubansa ne ya sa aka sassaƙa shi. Suka bi da igiya suka ɗaure tamau. Mutum ashirin da wani abu suka hau kan kayan. A can ƙololuwa aka zaunar da yayar Baba, wadda muke kira Gwaggo, 'yar tsohuwa ƙarama mai kaifin harshe, a kan katifa, da butarta a hannu.

Liman ya yi addu'a, aka shafa Fatiha. Aka zuba ruwa a bakin ƙofa, Baba ya tsallake da ƙafar dama. Hantsi ya fito.

Sai aka zo turi. Bayan motar kafaɗa takwas kawai yake ɗauka, gefe kuwa ba wurin tsayawa. Mutum shida suka fara sa kafaɗa, ko gezau. Na bakwai ya shiga, ta yi ƙara ta fara rarrafe. Na tuɓe riga na zama na takwas. Muka tura da salati har gindin tudu, gudunta bai wuce tafiyar mai zuwa masallaci ba. Direba ya saki kuloci, ta yi gurnani sau ɗaya ta tsaya cik.

Muka mayar da ita baya da ƙyar. Aka canja maza, aka kawo majiya ƙarfi daga mahauta. Haka dai. Wani ya ce a ɗaura igiya a gaba a ja, direba ya ce in ta kama wa zai tsayar da ita kafin ta bi ta kansu? Na aika tasha a nemo motar da za ta ja mu, aka dawo aka ce ko amalanke babu. Sau huɗu muna turawa. Rana ta ɗaga, yara a kan kaya suka fara kuka. Baba yana tsaye a inuwar bango yana jan carbinsa. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ina zaune a bakin kwata ina haki sai na ga Tica ya jingine kekensa. Ya zo sallama da Baba ne kafin ya wuce makaranta, ashe ya daɗe yana kallo. Ya tsuguna kusa da ni, ya tsinci tsinke.

"Masa, motar nan in ba kaya, nauyinsa nawa?"

"Tan uku."

"Da kayan nan da mutane?"

Na dubi yadda tayoyin suka kwanta. Wannan aikina ne. "Takwas. Ba ta gaza haka ba."

Ya fara zane a ƙasa. Ya ce a ma'aunin littafinsa, turin namiji ɗaya a ce ɗari uku. Maza takwas, dubu biyu da ɗari huɗu.

"Yanzu la'ada," in ji shi, ya ɗan dube ni. "Na ga shida bai motsa shi ba, bakwai ya motsa. To ƙasa yana cin kusan ƙarfin mutum bakwai. A ce dubu biyu."

"Saura ɗari huɗu," na ce.

"Raba da kilo dubu takwas."

"Ɗaya bisa ashirin."

"Shi ya sa. Taku arba'in ba zai ishe ku ba, ko ku wuni kuna turi. Yanzu a ce an sauke komai. Nauyi ya koma dubu uku, la'adar ƙasa ma ya ragu daidai da haka."

Yana ƙoƙarin rubutawa na riga shi. "Ɗari bakwai da hamsin. Saura dubu ɗaya da ɗari shida da hamsin. A raba da dubu uku, rabi da 'yar ɗoriya."

"Rabi, da ɗaya bisa ashirin. Sau nawa ke nan?"

"Goma. Har da ƙari."

"Maza takwas ɗin nan dai. Kafin tudu gudu za su yi."

Na tuna yadda na bangaji durom. Na miƙe na ce a sauke kaya.

Sai kowa ya juyo yana kallona. A wurinmu, matafiyin da aka shafa wa Fatiha ya tsallake ruwa ba ya komawa baya, ba a kuma sauke kayansa a ƙofar gidan da ya bari. Ana cewa wanda aka yi wa haka tafiyarsa ta karye, ko ya tafi ba zai isa da daɗi ba. Ni kaina da wannan na tashi. Shi ya sa tun safe ba wanda ya kawo zancen, ko da yake duk wanda ke wurin ya taɓa tura amalanke.

Shugaban masu ɗauri ya ce, "Ni ban taɓa kwance ɗaurina a inda na ɗaura shi ba."

Gwaggo ta leƙo daga sama. "Wa ya ce a sauke? Kai ne, ɗan nema? Ka kawo mana mushen mota, yanzu kuma za ka karya mana tafiya?"

"Gwaggo, lissafi ne ya nuna."

"Lissafin wa? Wannan mai wuyan kamar zakaran da ya sha ruwa?"

Tica ya cire hularsa. "Ina kwana, Mma."

"Da ban kwana ba ka gan ni? Je ka koya wa 'ya'yan mutane. Mu an yi mana Fatiha."

Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Masa, ni lamba kawai na sani. Wannan ɓangaren naka ne."

Gaskiya ya faɗa. Shekara goma sha biyar ina tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowa ya rantse ba zai motsa ba. Abin da na koya shi ne, kada ka ce wa mutum ya janye maganarsa. Nemo masa hanyar da zai bi da maganarsa a hannu. Na tsaya na dubi lungun, na dubi tudun, na dubi babban titi a sama. Sai na tafi wurin Baba da liman.

Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da aka hana shi ne kaya su koma baya, ko kuwa?"

Liman ya ce ai shi a littafi bai ga ko ɗaya ba, amma abin da mutane ke gudu ke nan.

"To ba baya za su yi ba. Gaba za su yi. A ɗauke su a ka, a haura da su babban titi. Mutane ma su sauka ta gaban mota su taka zuwa can. Kowane taku Kano yake fuskanta. Tafiya ta riga ta fara, mota ce ta makara, za ta iske ku."

Baba ya tsayar da jan carbi. Na ga gefen bakinsa ya motsa. "Wa ya koya maka wannan wayon?"

"A rumfarka na tashi, Baba."

Ya juya wurin shugaban masu ɗauri. "Kwance. In mun hau titi ka nuna musu na biyu ya fi na farko."

Unguwa duka ta fito. Ba abin da ya taɓa ƙasar lungun, daga mota sai kan mutum. Akwatuna suka wuce, tukwane suka wuce, maza huɗu suka ɗauki dutsen niƙa. Baba da kansa ya riƙe gefe ɗaya na ƙyauren ubansa. Tica ya naɗe hannun rigar gugarsa ya ɗauki keken ɗinki, ya kai rabin tudu ya tsaya, wata mai koko ta karɓe shi ta ɗora a ka ta wuce shi ba ko haki.

Saura Gwaggo. Aka janye komai daga ƙarƙashinta har ta dawo kan katakon motar da katifarta da butarta.

"Ni fa ba na sauka. Na hau ke nan."

Na dubi Tica. Ya dube ta sama da ƙasa kamar mai tayin akuya.

"Bar shi, Masa. Mma bai kai buhu ɗaya ba. Lissafi ba zai gan shi ba."

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

"Ya ce ki riƙe da kyau."

Muka sa kafaɗa mu takwas, mu ɗin dai da muka gaji. Taku uku na farko da nauyi. Daga nan sai na ji motar tana guje wa kafaɗata, dole na ƙara sauri in cim mata, na sake ƙarawa. Kafin tsakiyar lungu gudu muke yi. Na ji direba ya saki kuloci, motar ta yi tsalle, ta yi tari biyu, baƙin hayaƙi ya bugi fuskata, na faɗi a kan gwiwoyina. Da na ɗaga kai tana haura tudu da kanta, Gwaggo a baya ta rungume buta tana zagin direba.

Wannan karon ba a kashe ta ba. Tana ruri aka sake lodi a bakin titi, kuma gaskiya ɗauri na biyu ya fi na farko. Kafin azahar muka ɗau hanya. Na nemi Tica in yi masa godiya, aka ce ya hau kekensa tun ɗazu, ya makara aji.

Washegari da hantsi muka isa iyaka, da sauran yini guda a wa'adi. Ko da muka tsaya shan mai ko sallah, a kan gangara direba ke tsayawa. Ba zan ba da labarin abin da na gani a iyakar ba, wasu sun fi ni sanin sa. Na dai ga Baba ya tsallaka da mutanensa cif, da ƙyaurensa. Da za mu rabu ya kama hannuna ya ce, "Ka gyara sitatar nan." Sannan ya ce, "Malamin nan, ka riƙe shi." Ban sake ganin Baba ba.

Na gyara sitatar a makon da na dawo. Tica kuwa na kai masa ƙwaryar goro fari, zaɓaɓɓe, ya ce shi ba ya cin goro, yana hana shi barci. Na kai masa yadi, ya ce rigunansa sun ishe shi. Daga ƙarshe ya ce in ina son in yi masa wani abu, in bar masa sikelin nan mai ƙugiya, don na makarantarsu ya lalace. Na ba shi, ina jin kunyar ƙanƙantar abin. Daga nan kusan kowace Lahadi sai na ɗauki kujera na zauna ƙofar ɗakinsa. A wurinsa na gane dalilin da motar da aka danƙara wa kaya ke cin dogon wuri kafin ta tsaya, ko da birkinta sabo ne, don lissafin ɗaya ne aka juya shi. Na yi motoci da yawa bayan wannan, kuma direbobina sun sha yi mini tsegumi cewa ina auna lodi kamar mai sayar da zinariya. Ban taɓa damuwa ba.

Tsakiyar shekarar 1970 aka mayar da Tica wata makaranta a arewa. Ni na kai shi tasha, kekensa da akwatin littattafansa a bayan motar, sikelin a rataye a wuyan keken. Da na murza makulli ta tashi, ya ce, "Masa, ka ɓata mini darasi."

Kafin ya tafi da 'yan kwanaki wani bafataken goro ya zo daga Kano da saƙon Baba. Sun isa lafiya, ya sami rumfa, an kafa ƙyauren a sabon ɗaki ko da yake sai da aka rage masa tsawo. Bafataken ya ce Gwaggo ma tana gaishe ni. Ya ce duk wanda ya je yi mata sannu da zuwa sai ta ba shi labarin yadda maza suka wuni suna turin mota a Kumasi, suka sauke kaya, suka sauke mutane, ita kaɗai ta ƙi karya Fatiha, kuma albarkacin haka motar ta tashi.

Na kai wa Tica wannan labari a bakin rijiya. Ya ce, "To, ai Mma yana cikin motar. Ba zan iya cewa ƙarya ya yi ba."